Tsohon Domen: Gadon Alheri Ko Gadon Bashi?

 

Yau za mu leƙa wata kasuwa ce wadda kullum cike take da dillalai, ko da yake ba a ganin rumfunanta. Hajar da ake sayarwa a cikinta ita ce tsofaffin adireshin shafukan intanet, wato domen, sunan nan da ake rubutawa domin shiga shafi, mai ƙarewa da .com ko .org ko .ng. Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp da Facebook da Telegram na matasa masu neman na kansu ta hanyar buɗe shafuka ya saba da tallar. Za ka ji an ce ga domen na sayarwa, ya shekara goma sha, Google ya san shi, kuma masu ba da talla ba sa mayar da shi. Sai a ɗora masa kuɗin da ya ninka na sabo sau goma ko fiye.

Alkawari biyu ne a cikin wannan talla. Na farko, wai tsufan adireshin zai ɗaga shafinka zuwa saman sakamakon bincike a manhajar matambayi-ba-ya-ɓata ta Google. Na biyu, wai tsufan zai buɗe maka ƙofar AdSense, tsarin nan da Google ke sanya tallace-tallace a shafin mutum ya riƙa biyansa. Abin da sharhin yau yake son ya tabbatar muku shi ne, yawan shekarun adireshi shi kaɗai bai cika ko ɗaya daga cikin alkawuran nan. Abin da mai saye yake ɗauka ya tafi da shi gida shi ne tarihin abin da aka aikata da adireshin, kuma tarihin nan yana iya zama alheri, yana iya zama bashi.

Bari mu fara da yadda adireshi ke fita daga hannun mai shi. Domen dai haya ake karɓarsa, babu mai mallakarsa har abada. Ana yin rajista ne na shekara 1 zuwa 10, sannan a sabunta. Kamfanin Verisign na Amurka shi ke riƙe da kundin .com, a Najeriya kuma hukumar NiRA ke kula da .ng, yayin da ICANN, wadda aka kafa a 1998, ke shimfiɗa ƙa'idojin manyan sunaye irin su .com da .org. Idan wa'adin adireshin .com ya cika mai shi bai biya ba, ba nan take yake suɓucewa ba. Akwai rangwamen da kan kai kwana 45, gwargwadon tsarin kamfanin da ya yi rajistar. Bayan haka akwai wasu kwanaki 30 da mai shi zai iya fanso kayansa, amma da tara mai tsada. Idan su ma suka wuce, sai a jira kwana 5, a goge sunan daga kundi, ya koma na wanda ya riga.

A wannan tsakani ne 'yan kasuwa ke shigowa. Wasu kamfanonin rajista, irin su GoDaddy, kan sa sunan a gwanjo tun kafin a kai ga goge shi. Wasu kuma, irin su DropCatch da SnapNames, sana'arsu ita ce girka kwamfutocin da ke dakon lokacin da za a saki suna, su cafke shi cikin ƙiftawar ido, sannan su yi gwanjonsa. A nan akwai wani abu da dillali ba kasafai yake faɗa wa mai saye ba. Idan aka sayar da suna kafin a goge shi, ranar rajistarsa ta asali tana nan a kundi. Amma idan an riga an goge shi aka sake yi masa rajista, ranar takan koma sabuwa fil. Ke nan adireshin da aka ce maka an buɗe shi tun 2009, a kundin rajista yana iya zama ɗan wata uku.

To daga ina wannan imani na cewa tsufa na da daraja ya samo asali? Yana da tushe, ba haka kawai ya faɗo ba. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabarar da ta bambanta su da sauran injunan bincike ita ce wadda suka kira PageRank. A taƙaice, duk shafin da ya sanya mahaɗi zuwa wani shafi, ana ƙirga masa shi a matsayin shaida. Shaidar da ta fito daga babbar jarida ko jami'a ko ma'aikatar gwamnati ta fi ta ƙaramin shafi nauyi. Shafin da ya daɗe yana aiki mai kyau, a hankali irin waɗannan mahaɗai suke taruwa a kansa, sai ya riƙa fitowa a sama. Masu kallo daga waje sai suka ga tsofaffin shafuka ne a sama, suka ce ashe tsufan ne. Alhali shekarun dama kawai suka bayar aka yi aikin, kuma aikin ne ya jawo shaidun.

Akwai kuma wata takarda da ta ƙara wa zancen ƙarfi. A ƙarshen 2003 wasu injiniyoyin Google, ciki har da Matt Cutts da Jeff Dean, suka shigar da takardar neman haƙƙin mallakar wata fasaha ta amfani da tarihin shafuka wajen jera sakamakon bincike. Takardar ta fito fili a 2005, aka amince da ita a 2008. A cikinta an ambaci ranar da aka fara ganin shafi, an kuma ambaci cewa masu shafukan kirki sukan biya kuɗin rajista na shekaru da dama tun gaba, su kuwa 'yan damfara da wuya su wuce shekara guda. Dillalai suka riƙe wannan gam. Sai dai sun tsallake wani sashe na takardar, inda ta yi bayanin cewa idan batun da shafi ke magana a kai ya sauya gaba ɗaya, hakan na iya zama alamar ya sauya hannu, don haka tsohon makinsa da tsofaffin shaidunsa ba abin dogaro ba ne kuma. Wato tun fiye da shekara 20 da suka wuce, injiniyoyin sun hango wannan ciniki.

Jami'an kamfanin ma sun sha maimaita maganar. Matt Cutts, lokacin da yake shugabantar sashen yaƙi da shafukan bogi, ya bayyana a wani bidiyo a 2010 cewa bambancin adireshi ɗan wata 6 da ɗan shekara guda bai taka kara ya karya ba. A 2019 John Mueller, wanda ke magana da yawun sashen bincike na kamfanin, ya amsa wa wani mai tambaya kai tsaye cewa shekarun domen ba sa taimaka wa komai. Wani zai ce ai kamfani ba zai tona sirrin sana'arsa ba, kuma mai wannan shakka yana da hujja. A watan Mayun 2024 dubban shafukan takardun cikin gida na Google suka fallasa, kuma a cikinsu an ga ambaton wani ma'auni na shekarun shafi, wanda bayaninsa ya nuna ana amfani da shi wajen taka wa sababbin shafukan bogi birki. Google ya amince takardun nasa ne, amma ya yi gargaɗin cewa ana karanta su a guntule, kuma wasu sun tsufa. Ko da mun ɗauki abin yadda masu suka suka fassara shi, iyakar abin da ya nuna shi ne ana sa wa sabon shiga ido na ɗan lokaci. Bai nuna ana raba lada bisa yawan shekaru ba. In da haka ne, da symbolics.com, adireshin .com na farko a duniya, wanda wani kamfanin kwamfuta na jihar Massachusetts ya yi wa rajista ranar 15 ga Maris 1985, shi ne zai riƙa tarbar ku duk lokacin da kuka yi bincike.

To me ake gada ke nan? Masu sauraro, ku tuna abin da kan faru idan mutum ya sayi sabon layin waya, ashe tsohuwar lamba ce kamfanin sadarwa ya sake fitarwa. Kwana biyu sai kira ya fara shigowa. Wannan yana neman mai ɗinki, wancan yana cewa a biya shi bashinsa, wata manhajar ba da rance tana aiko da saƙon barazana. Idan tsohon mai lambar ɗan kasuwa ne mai mutunci, kuma kai ma sana'arsa kake yi, ka tsinci dami a kala. Idan kuwa macuci ne, kai za ka sha zagin da aka tanadar masa. Tsohon domen haka yake. Mahaɗan da jaridu da makarantu da sauran shafuka suka sanya zuwa gare shi suna nan ba su gushe ba, haka ma sunan da ya yi, mai kyau ko mummuna.

Ga misalin da ya nuna ƙarfin wannan gado. Akwai wani dandalin bidiyo mai suna Vidme da ya rufe a ƙarshen 2017. Kafin ya rufe, manyan kafofin labarai na Amurka sun saka bidiyoyinsa a cikin labaransu. Adireshinsa ya faɗi, wani kamfanin finafinan batsa ya saye. A watan Yulin 2021 sai masu karatu suka buɗe tsofaffin labarai a shafukan Washington Post da HuffPost da mujallar New York, suka tarar da hotunan batsa a inda bidiyon labari yake a da. Babu wanda ya yi musu kutse. Mahaɗin da suka sanya shekarun baya ne kawai ya ci gaba da nuna adireshin, adireshin kuma ya koma hannun wani.

Wannan ragowar amana ita 'yan kasuwar ke farauta. A farkon 2024 mujallar Wired ta ba da labarin wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Sabiya da ke sayen adireshin kafofin labaran da suka mutu, ya cika su da rubuce-rubucen ƙirƙirarriyar basira. Cikin waɗanda suka faɗa hannunsa akwai The Hairpin, wata mujallar mata ta Amurka da ta daina fitowa a 2018, da kuma wani adireshi na Apple Daily, jaridar Hong Kong mai rajin dimokuraɗiyya wadda aka tilasta wa rufewa a watan Yunin 2021. A 2024 ɗin ne kuma aka ga shafin TUAW, wanda ya yi suna wajen labaran kayan kamfanin Apple kafin a rufe shi a 2015, ya dawo a hannun wasu sababbin masu shi, da rubutun inji ɗauke da sunayen tsofaffin marubutansa, ba da saninsu ba. Babu musu, wasu sun ci riba da wannan dabara na wani lokaci. Shi ya sa kasuwar ta bunƙasa.

Shi ya sa kuma Google ya fito da doka a kanta ƙarara. Ranar 5 ga Maris 2024 kamfanin ya sanar da sababbin ƙa'idoji uku na yaƙi da shafukan bogi, ɗaya daga cikinsu kan cin zarafin adireshin da wa'adinsa ya ƙare. Laifin, kamar yadda suka fayyace shi, shi ne mutum ya sayi irin wannan adireshi da nufin hawa kan tsohuwar darajarsa, ya zuba masa abin da ba ya amfanar mai karatu. Har misalai suka kawo: tallar kayan sayarwa don cin la'ada a adireshin da a da na hukumar gwamnati ne, sayar da magunguna a adireshin da a da na ƙungiyar agajin lafiya ne, da harkar caca a adireshin da a da na makarantar firamare ne. Sun kuma bayyana cewa ba laifi ba ne mutum ya ɗauki tsohon adireshi ya gina sabon shafi na gaskiya domin amfanin jama'a. Ke nan ba a haramta cinikin ba. Abin da aka toshe shi ne ainihin ribar da dillali ke tallata maka.

Dabarun da ke tare da wannan ciniki su ma an daɗe da gano su. Akwai masu sayen tsohon adireshi su karkatar da duk mai shigarsa zuwa nasu shafin, da fatan darajar za ta biyo baya. Idan batutuwan shafukan biyu ba su da alaƙa, Google kan ɗauki karkatarwar tamkar shafin da ya ɓace, ba ya ƙirga ta. Akwai kuma masu tara tsofaffin adireshi da yawa su kafa gungun shafukan da ke yi wa juna shaidar zur. Google ya yi wa irin wannan gungu dirar mikiya a watan Satumban 2014, kuma tun daga sauyin da ya kira Penguin a 2012 zuwa sabon tsarinsa na tace mahaɗai na Disamban 2022, hanyar kullum ƙara ƙunci take yi.

Yanzu mu juya ga ɓangaren bashi. Adireshin da ya shekara goma yana yawo daga hannu zuwa hannu, da wuya a ce duk masu riƙe shi mutanen kirki ne. Wataƙila an yi caca da shi, ko an raba satattun finafinai, ko an yi damfarar banki. Idan ma'aikatan Google sun taɓa yanke masa hukunci da hannunsu, hukuncin yana iya bin adireshin har zuwa hannunka, kuma ba za ka gan shi ba sai ka tabbatar da mallakarka a manhajarsu ta Search Console, wato bayan ka riga ka biya. Akwai hanyar ɗaukaka ƙara, inda za ka gyara ɓarnar ka kuma sanar da su cewa kai sabon mai shi ne, amma tana cin lokaci. Idan an taɓa raba ƙwayoyin cutar kwamfuta da shi, mai shiga zai iya cin karo da jan allon gargaɗi. Idan an taɓa aika wasiƙun damfara da shi, yana iya kasancewa a baƙin littafin ƙungiyoyi irin su Spamhaus, sai wasiƙunka na imel su riƙa faɗawa kwandon shara. Idan kuma sunan ya yi kama da tambarin wani kamfani, akwai tsarin sasanta rikici na ICANN da ke aiki tun 1999, wanda ta hanyarsa za a iya ƙwace shi daga hannunka.

Dillali kuma zai nuna maka wasu lambobi, ya ce dubi makin adireshin, DA kaza, DR kaza. Ku sani cewa na farkon ƙiyasin kamfanin Moz ne, na biyun kuma na kamfanin Ahrefs. Hasashe ne na kamfanoni masu zaman kansu, Google ba ya amfani da su, kuma akwai masu sana'ar kumbura su da mahaɗan bogi kafin a kai adireshi kasuwa. Shi Google ɗin, tun 2016 ya daina nuna wa jama'a makin PageRank.

Sai alkawari na biyu, batun talla, wanda shi ya fi jan hankalin matasanmu. AdSense, wanda aka fara a 2003, yana da sharuɗɗa sanannu. Mai nema ya kai shekara 18. Shafin ya zama nasa, yana iya shiga cikinsa ya sanya lambar talla. Abin da ke ciki ya zama na asali, mai amfani, wanda bai saɓa wa ƙa'idojinsu ba. Shekarun da suka ambata na mutum ne, ba na adireshi ba. Tun ƙarshen 2018 kuma kowane shafi sai an duba shi daban kafin talla ta fara fitowa a kansa, ko da mai shi yana da tsohon asusu. Saboda haka amincewar da tsohon mai adireshi ya samu ba ta biyo adireshin zuwa asusunka. Kai za ka nema da kanka, kuma abin da ke shafin a ranar dubawa shi za a auna. Shafin da aka cika da kwafe-kwafe zai sha amsar da aka saba, cewa abin da ke cikinsa ba shi da wata daraja, ko da adireshin ya girmi mai shi.

Zancen wata 6 da ake yawan yaɗawa shi ma yana da asali. A shekarun baya ƙa'idojin AdSense sun ce a wasu ƙasashe, ciki har da Sin da Indiya, sai mutum ya mallaki shafinsa na tsawon wata 6 kafin ya nema. Ku lura da kyau, tsawon mallakar mai nema ake nufi. Wanda ya sayi tsohon adireshi jiya, ko a ƙarƙashin waccan ƙa'ida, mallakarsa ta kwana ɗaya ce. Manyan kamfanonin talla na gaba da AdSense kuwa, irin su Mediavine da Raptive, abin da suke dubawa shi ne yawan masu ziyara na gaskiya, da ƙasashen da suke fitowa, da ingancin rubutu.

Akwai wata matsala da ta shafi masu rubutu da harshenmu kai tsaye. AdSense yana da jerin harsunan da yake karɓa, sun haura 40. Akwai Larabci da Turanci da Faransanci da Urdu da Hindi, amma shekara da shekaru ana sabunta jerin babu Hausa a ciki. Matashi a Kano ko Maraɗi ko Kumasi zai yi ta rubutu da Hausa, ya nema a ƙi shi, sai wani ya ce masa ai don adireshinka sabo ne, zo in sayar maka da tsoho. Ya biya, ya sake nema, a sake ƙin sa, domin ciwon ba a nan yake ba. Wasu kan cika shafi da Turanci har a amince, sannan su juye zuwa Hausa, amma sanya talla a shafin da akasarinsa harshen da ba a karɓa ne ya saɓa wa ƙa'ida, kuma ana iya dakatar da tallar kowane lokaci. Kafin kowa ya kashe ko sisi, ya fara duba jerin harsunan nan a shafin taimako na AdSense. Masu rubutun Hausa kuma su riƙa tunanin tallar kai tsaye daga 'yan kasuwar garinsu, waɗanda Hausawan nan masu karatu su ne abokan cinikinsu.

Mafi haɗari a kasuwar shi ne inda ake sayar da adireshi haɗe da asusun AdSense ɗin tsohon mai shi. Yarjejeniyar da mai asusu ya amince da ita ba ta ba shi damar miƙa shi ga wani yadda ya ga dama ba. Sunan da ke kai na wani ne, shaidar da aka tantance ta wani ce. Ranar da kuɗi suka kai dala 100, wato mafi ƙarancin abin da ake biya, ko ranar da aka nemi a sake tantance mai asusu, ranar ce mai saye zai gane kayan ba nasa ba ne. Mai sayarwa na iya dawo da asusunsa ta lambar wayarsa, kuma babu inda za ka kai ƙara. Idan ma an taɓa cusa wa asusun ziyarar bogi, rufewa na iya zuwa da kuɗinka a ciki.

Shin ke nan kada a taɓa sayen tsohon domen? A'a. Akwai lokacin da cinikin ke da ma'ana. Idan sunan gajere ne, mai sauƙin faɗa da tunawa, kuma ya dace da sana'arka, wannan daraja ce ta gaske. Idan tsohon shafin na harkar noma ne, kai ma noman za ka ci gaba da rubutu a kai da gaskiya, to tsofaffin mahaɗan za su kawo maka mutanen da abin da kake yi suke nema, kuma babu dokar da ka taka. Sharaɗin shi ne bincike kafin biya. Ka shiga Wayback Machine na cibiyar Internet Archive, wadda ke adana hotunan shafuka tun 1996, ka bi adireshin shekara bayan shekara. Idan ka ga makaranta ce a farko, daga baya ta koma shafin caca da wani harshe, sannan ta yi shekaru babu komai, ka san an riga an tatse shi. Ka duba ranar rajista a manhajar binciken ICANN ka gwada da abin da dillali ya faɗa. Ka rubuta adireshin a Google ka ga ko akwai shafinsa ko ɗaya da ya rage a kundinsu. Ka duba shi a shafin Google na tantance lafiyar shafuka. Ka kalli mahaɗan da ke nuna shi ɗaya bayan ɗaya, daga ina suka fito, da waɗanne kalmomi. Idan a hannun mai shi za ka saya, ka ce ya nuna maka sashen hukunci na Search Console ido da ido. Wanda ya ƙi nunawa ya riga ya ba ka amsa. Kada kuma ka tura kuɗi sai ta hannun amintaccen mai shiga tsakani da zai riƙe su har adireshin ya shigo asusunka.

Kafin mu rufe, akwai jan hankali ga ɗaya ɓangaren, wato masu adireshi a yanzu: makarantu, asibitoci, ƙungiyoyin agaji, jaridu, ma'aikatu. Wannan kasuwa da sakacinku take rayuwa. Sau da yawa wani yaro ne aka ba kwangilar buɗe shafi, ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa, ya kama gabansa. Saƙon tunatarwa na zuwa inda babu mai karantawa, har ranar da iyayen yara za su buɗe shafin makaranta su tarar da tallar caca. Abin ba ya barin manya ma. A watan Disamban 1999 kamfanin Microsoft ya yi sakacin sabunta passport.com, wanda masu amfani da Hotmail ke bi su shiga akwatinsu, har sai da wani masanin kwamfuta da ba ma'aikacinsu ba ya biya dala 35 daga aljihunsa aka samu lamarin ya daidaita. Ku tabbata rajistar da sunan hukumarku take, ku kunna sabuntawa ta kai tsaye, ku biya na shekaru da dama in da hali. Ko kun daina amfani da shafi, riƙe sunan ya fi sakinsa araha, domin wanda ya saye shi zai iya karɓar duk wasiƙar imel da aka aiko wa tsohon adireshinku.

Kai kuma ɗan'uwa mai shirin farawa, ka yi lissafi da kyau. Sabon adireshin .com ana iya samunsa a kan dala 10 da 'yan kai a shekara. Abin da za ka ƙara a kai domin sayen tsoho, in ka zuba shi a data da bincike da biyan mai rubutu nagari na 'yan watanni, zai samar maka da masu karatun da suka zo dominka, da mahaɗan da aka sanya saboda aikinka. Waɗannan su ne abin da injin bincike da masu ba da talla suke aunawa, kuma babu sabuwar dokar da za ta wayi gari ta ƙwace maka su.